Logaridim Tambaya Ce: Yadda Ake Gane Shi da Warware Ikweshin Ɗinsa Mataki-Mataki

Ɗauki biro ka rubuta 2. Ninka shi da 2, ka sami 4. Sake ninkawa, 8, sai 16, sai 32. Idan aka ce maka biyu guda biyar ne aka jera aka ninka, nawa suka ba da, za ka ce 32 ba tare da dogon tunani ba. Shi ne abin da ake rubutawa 2⁵ = 32, ɗalibai kuma su karanta "biyu fawa biyar". To yanzu a juya tambayar. Ga 32 a hannu, an kuma gaya maka da biyu-biyu aka gina shi. Biyu guda nawa aka jera? Biyar. Ka riga ka yi logaridim ke nan, ko da ba a taɓa gaya maka sunansa ba.

Haka ake rubuta shi: log₂ 32 = 5. A karanta "log ɗin 32 a tushe 2 shi ne 5". Ƙaramar lambar nan da ke ƙasa ita ce tushe, wato tubalin ginin. Lambar da ke gaban log ita ce ginin da aka kammala. Amsar kuma ita ce fawa. A ganina rabin wahalar da ɗalibai ke sha a wannan darasi daga nan take: suna kallon kalmar log kamar wata lamba ce da ake ninkawa da abin da ke gabanta, alhali tambaya ce kawai, "wace fawa zan ɗora wa tushe in sami wannan lambar?" Duk lokacin da ka rikice a tsakiyar lissafi, koma ka yi wa kanka wannan tambayar da baki.

Fuska biyu na magana ɗaya

Idan bʸ = x, to log_b x = y, inda b yake tushe. Jimla ɗaya ce aka faɗa ta hanya biyu, kamar ka ce Audu ne uban Musa ko ka ce Musa ɗan Audu ne. Kafin ka taɓa kowane ikweshin, sai hannunka ya saba da juya ɗaya zuwa ɗaya har ya zama ba ka tsayawa tunani.

log₃ 81 = 4, domin 3⁴ = 81.
log₁₀ 1000 = 3, domin 10³ = 1000.
log₂ (1/8) = −3, domin 2⁻³ = 1/8.
log₉ 3 = 1/2, domin 9 fawa rabi shi ne lambar da in an ninka ta da kanta za ta ba da 9, wato 3.

Abubuwa biyu suna fitowa kyauta daga nan. Log ɗin 1 sifili ne a kowane tushe, tunda kowace lamba, ban da sifili, fawa sifili 1 take bayarwa. Log ɗin tushe a kan kansa kuma 1 ne: log₇ 7 = 1.

Akwai kuma abin da log ba ya karɓa, kuma wannan shi ne zai dawo mana sau da yawa a gaba. Gwada neman log₂ (−8). Wace fawa za ka ɗora wa 2 ka sami −8? Fawa 3 ta ba da 8. Fawa −3 ta ba da 1/8, ƙarama ce amma tana sama da sifili. Duk yadda ka juya, 2 fawa komai ba ya sauka ƙasa da sifili, ba ya ma taɓa sifilin. Saboda haka abin da ke cikin log dole ya fi sifili. Tushe shi ma dole ya fi sifili, kuma kada ya zama 1, domin 1 ko sau dubu ka ninka shi da kansa 1 yake nan. Lura da bambancin da kyau: amsar log tana iya zama ƙasa da sifili, kamar −3 ɗin da muka gani. Abin da ke cikinsa ne ba ya iyawa.

Idan ka ga log babu tushe a rubuce, a littattafan sakandare tushe 10 ake nufi, shi ne kuma maɓallin log na kalkuleta. Maɓallin ln da ke gefensa log ne a tushen wata lamba da ake kira e, wadda ta kai kimanin 2.718. Dokokinsu ɗaya ne sak. Ɗaliban Nijar da ke karatu da Faransanci sun fi saba wa ln, na Najeriya kuma sun fi saba wa tushe 10.

Me ya sa aka ƙirƙiro shi

Wani mutumin Sikotilan mai suna John Napier ne ya fitar da logaridim a 1614, bayan ya kwashe kimanin shekara 20 yana haɗa teburansa da hannu. Damuwarsa ita ce masana taurari da matuƙan jiragen ruwa da ke kwana suna ninka dogayen lambobi. Henry Briggs, malamin lissafi a Landan, ya je har Edinbara ya same shi a 1615, suka yarda tushe 10 zai fi sauƙin aiki, Briggs ya buga babban teburinsa a 1624. Jikokin wannan teburin ne ƙaramin littafin nan na lambobi huɗu-huɗu da ake shiga jarrabawar WAEC da NECO da shi. A gefe guda, kada ka haɗa logaridim da algoridim, wato jerin matakan da ake bi don warware matsala. Na biyun daga sunan Al-Khawarizmi ya samo asali, malamin Bagadaza na ƙarni na 9 wanda kalmar aljabra ma daga littafinsa ta fito. Logaridim kuwa Napier ne ya haɗa shi daga kalmomin Girkanci biyu.

Dabarar Napier ita ce mayar da ninkawa ta koma tarawa. A ce kana son 23.5 × 4.16. Tebur ya ba ka log 23.5 = 1.3711 da log 4.16 = 0.6191. Tara su, 1.9902. Nemi lambar da log ɗinta ke nan a teburin antilog, za ka sami 97.77. Ainihin amsar 97.76 ce. Kalkuleta ta karɓe wannan aikin tun tuni, amma dalilin da ya sa dabarar ke ci shi ne dokar farko a cikin dokokin da za mu yi aiki da su.

Dokoki uku da ta huɗu

Dubi 8 × 4 = 32. Takwas biyu ne guda uku, huɗu biyu ne guda biyu. Ka ninka su, ka jera biyu guda biyar ke nan. Uku da biyu, biyar. Ita ce dokar farko:

log (MN) = log M + log N

Rabawa kuma ɗebewa take zama. 32 ÷ 4 = 8, biyu guda biyar aka soke biyu, saura uku:

log (M/N) = log M − log N

Ta uku ita ce mafi amfani wajen warware ikweshin. 8² shi ne 8 × 8, biyu guda uku har sau biyu, guda shida ke nan. Wato fawar da ke cikin log tana iya saukowa gaba ta zama mai ninkawa:

log (Mᵏ) = k log M

Duk ukun suna aiki ne idan tushe ɗaya ne. Idan tushe ya bambanta, ko kalkuletarka ba ta da tushen da kake so, sai ta huɗu, dokar sauya tushe: log_b M = log M ÷ log b. Misali, log₂ 10 = 1 ÷ 0.3010, kimanin 3.32. Hankali ya ɗauka, domin 2³ = 8, 2⁴ = 16, goma kuma tana tsakani, ta fi kusa da takwas.

Masu shirya jarrabawa suna son su ba ka log 2 = 0.3010 da log 3 = 0.4771 su ce nemo log 72 ba tare da tebur ba. Fasa 72 zuwa tubalansa: 2³ × 3². Sai ya zama 3(0.3010) + 2(0.4771) = 1.8572. Idan log 5 suka tambaya, tuna cewa 5 rabin 10 ne: 1 − 0.3010 = 0.6990.

Sai dokokin da babu su, waɗanda ɗalibai ke ƙirƙira wa kansu a ɗakin jarrabawa. Babba a cikinsu ita ce raba log a kan tarawa, a ce log (M + N) daidai yake da log M + log N. Gwada da lambobi ka gani: log₂ (4 + 4) = log₂ 8 = 3, amma log₂ 4 + log₂ 4 = 4. Tarawa a cikin log ba ta fasuwa, yadda take haka za ka bar ta. Ta biyu, log 100 ÷ log 10 = 2, amma log (100/10) = 1, ba abu ɗaya ba ne. Ta uku, (log x)² daban, log x² daban: idan x = 1000, na farko 9, na biyu 6. Duk dokar da ka yi shakka a kanta, zuba mata 2, 4, 8 ko 10, 100, 1000, cikin daƙiƙa goma za ta tona kanta.

Ikweshin mai log guda ɗaya

log₃ (2x − 1) = 2

Yi tambayar nan: 3 fawa 2 ya ba da abin da ke cikin baka. Saboda haka 2x − 1 = 9, x = 5. Mayar ka duba: 2(5) − 1 = 9, log₃ 9 = 2. Ya zauna.

Idan log ɗin na da kaya a jikinsa, sauke su tukuna. A 4 log₂ x − 5 = 7, kai 5 ɗaya gefen, 4 log₂ x = 12, raba da 4, log₂ x = 3, sannan ka juya: x = 8. Kada ka juya kafin log ya tsaya shi kaɗai.

Idan log ya fi ɗaya: a nan gizo ke saƙa

log₂ x + log₂ (x − 2) = 3

Matakin farko, kuma shi ne wanda kusan kowa ke tsallakewa: kafin ka taɓa komai, rubuta a gefen takarda sharaɗin da x zai cika. Log na farko yana bukatar x ya fi sifili. Na biyu yana bukatar x − 2 ya fi sifili, wato x ya fi 2. Sharaɗin da ya fi tsauri shi ke mulki: x > 2.

Mataki na biyu, haɗe log ɗin su zama ɗaya da dokar farko: log₂ [x(x − 2)] = 3.

Na uku, juya: x(x − 2) = 2³ = 8.

Na huɗu, aljabra ce zalla: x² − 2x − 8 = 0, ya fashe zuwa (x − 4)(x + 2) = 0, x = 4 ko x = −2.

Na biyar, kai kowace amsa gaban sharaɗin. Huɗu ya fi 2, kuma log₂ 4 + log₂ 2 = 2 + 1 = 3. Amma −2 zai sa mu nemi log₂ (−2), abin da babu shi. A jefar. Amsa x = 4 kaɗai.

Daga ina −2 ya shigo, tunda ba mu yi kuskure ko ɗaya ba? Daga mataki na biyu. A ikweshin na asali, x da x − 2 kowanne dole ya fi sifili a karan kansa. Da muka haɗe su, sai sharaɗin ya yi laushi, ya koma abin da suka ba da in an ninka su ne kawai ake so ya fi sifili. Ga shi kuwa −2 × −4 = 8. Wato sabon ikweshin ya fi tsohon faɗin ƙofa, baƙo ya samu ya kutso. Dubawa a ƙarshe wani ɓangare ne na lissafin kansa, wanda ya bar ta bai gama ba.

Daga irin wannan misalin wasu ke haddace cewa "duk amsa mai alamar ragi a jefar da ita". Wannan haddar tana kayar da mutane ta fuska biyu. Dubi log₂ (1 − x) = 3. Juya, 1 − x = 8, x = −7. Mayar: 1 − (−7) = 8, lafiya lau. Amsar na ƙasa da sifili, kuma ita ce daidai. Yanzu dubi wannan:

log₂ (x − 3) + log₂ (x − 5) = 3

Sharaɗi: x > 5. Haɗe ka juya: (x − 3)(x − 5) = 8, wato x² − 8x + 15 = 8, x² − 8x + 7 = 0, x = 1 ko x = 7. Dukansu sama da sifili suke, fuskarsu fes. Amma 1 − 3 = −2, don haka 1 ba ya shiga. Bakwai ne kaɗai: log₂ 4 + log₂ 2 = 3. Abin da ake dubawa shi ne abin da ke cikin baka bayan an mayar da x.

Ɗebewa ma haka take tafiya. log₅ (3x + 10) − log₅ x = 1 ya koma (3x + 10)/x = 5, 3x + 10 = 5x, x = 5. Duba: log₅ 25 − log₅ 5 = 2 − 1 = 1.

Log a gefe biyu

Idan log M = log N a tushe ɗaya, to M = N. Ɗalibai kan ce "log ya soke log". Ba sokewa ake yi ba kamar ta rabawa, dalilin shi ne lambobi biyu daban ba sa taɓa samun log ɗaya. Kuma dokar tana aiki ne kawai idan log ɗaya tak ne a hagu, ɗaya tak a dama, babu kowa tare da su.

2 log x = log (x + 6)

Mayar da 2 sama: log x² = log (x + 6). Yanzu x² = x + 6, (x − 3)(x + 2) = 0. Sharaɗin asali x > 0, saboda haka x = 3.

Idan akwai lamba tsirara a gefe fa, kamar log₃ (x + 6) = 1 + log₃ x? Wanda ya yi gaggawar "soke" log zai rubuta x + 6 = 1 + x, ya ƙare da 6 = 1, ya zauna yana kallon rufi. Sai an sa wa 1 ɗin rigar log tukuna: 1 = log₃ 3. Dama ta zama log₃ 3 + log₃ x = log₃ 3x. Yanzu x + 6 = 3x, x = 3. Duba: log₃ 9 = 2, 1 + log₃ 3 = 2. Kowace lamba tana iya sa wannan rigar: 2 a tushe 3 shi ne log₃ 9, 3 a tushe 10 shi ne log 1000.

Akwai wani tarko kishiyar wanda muka gani ɗazu, inda maimakon baƙo ya shigo, ɗan gida ne ke ɓacewa. A log x² = 2, idan ka sauko da fawar ka rubuta 2 log x = 2, za ka sami x = 10 kawai. Amma (−10)² = 100, log 100 = 2, don haka −10 ma amsa ce ta halal. Juya kai tsaye ya fi tsaro: x² = 100, x = 10 ko −10. Sauko da fawa mai rabuwa biyu daga kan x yana ƙuntata ƙofar.

Kwadiratik da ya ɓuya

(log₂ x)² − 5 log₂ x + 6 = 0

Babu dokar da za ta haɗe waɗannan, domin log ɗin ne gaba ɗaya aka ninka da kansa. Ba shi suna: y = log₂ x. Sai ga kwadiratik, wato ikweshin da fawarsa mafi girma 2 ce: y² − 5y + 6 = 0, y = 2 ko 3. Kada ka tsaya a nan, x aka tambaye ka: x = 2² = 4 ko x = 2³ = 8. A irin wannan ikweshin, idan y ya fito ƙasa da sifili ba laifi, y = −1 yana nufin x = 1/2 ne kawai.

Tushe daban-daban, da tushen da ba a sani ba

log₂ x + log₄ x = 6

Mayar da su gida ɗaya. log₄ x = log₂ x ÷ log₂ 4, wato rabin log₂ x. Da y = log₂ x, y + y/2 = 6, y = 4, x = 16. Duba: log₂ 16 = 4, log₄ 16 = 2, jimla 6.

Idan x ne tushen, juyawa kawai ake yi: logₓ 81 = 4 yana nufin x⁴ = 81. Aljabra za ta ba da 3 da −3, amma tushe ba ya sauka ƙasa da sifili, saura 3. Wani lokaci a haɗa maka duka biyun, kamar log₃ x + 2 logₓ 3 = 3. Dokar sauya tushe tana nuna cewa logₓ 3 = 1 ÷ log₃ x. Ya zama y + 2/y = 3, ninka ko'ina da y, y² − 3y + 2 = 0, y = 1 ko 2, x = 3 ko 9. Gwada 9: log₃ 9 = 2, log₉ 3 = 1/2, 2 + 1 = 3.

Lokacin da x ya hau sama

A yau wannan ne babban aikin log a wajen aji. Idan aka ce 2ˣ = 32, ido ma ya isa. Amma 3ˣ = 20 fa? 3² = 9, 3³ = 27, amsar na tsakanin 2 da 3, kuma babu wasan lambobi da zai fito da ita. Ɗauki log ɗin gefe biyu, doka ta uku ta sauko da x ƙasa:

x log 3 = log 20
x = 1.3010 ÷ 0.4771 = 2.727

Rabawa ce ta gaske tsakanin lambobi biyu. Wanda ya mayar da ita log 20 − log 3 zai sami 0.82, kuma ƙiyasin da muka fara yi ya isa ya gaya masa ya ɓace hanya. Shi ya sa nake son a riƙa ƙiyasta amsa kafin a danna kalkuleta.

Idan x na sama a gefe biyu, 2ˣ⁺¹ = 5ˣ, kula da baka: (x + 1) log 2 = x log 5. Wato 0.3010x + 0.3010 = 0.6990x, 0.3980x = 0.3010, x kimanin 0.756. Manta bakan nan na x + 1 yana cikin kurakuran da suka fi cin maki.

Ga inda abin ke taɓa aljihu. A ƙaddara buhun masara naira 50,000 ne, farashinsa kuma na ƙaruwa da kashi 20 cikin ɗari duk shekara. Shekara nawa zai kai 100,000? Lissafin gaggawa zai ce biyar, ashirin sau biyar ɗari. Amma ƙarin kowace shekara a kan sabon farashi yake hawa. Kowace shekara ana ninka farashin da 1.2, saboda haka 50,000 × 1.2ⁿ = 100,000. Raba tukuna, 1.2ⁿ = 2, sannan log: n = 0.3010 ÷ 0.0792 = 3.8. Bai cika shekara huɗu ba. Ka ga kuma 50,000 ɗin ta fice daga lissafin, ko da nawa aka fara lokacin ruɓanyawar ɗaya ne. Da wannan hanyar ake lissafa yaɗuwar ƙwayoyin cuta da ƙaruwar jama'a. Ma'aunin girgizar ƙasa da Charles Richter ya fitar a 1935 ma a kan log na tushe 10 yake, shi ya sa girgiza mai maki 6 ta ninka mai maki 5 sau goma a motsin da na'ura ke aunawa.

Kalma biyu kan tebur

Mai aiki da tebur ya san log na da kashi biyu: lambar da ke gaban ɗigo, wadda kai ne ke samar da ita, da wadda ke bayan ɗigo, wadda tebur ke bayarwa. log 4.5 = 0.6532, log 45 = 1.6532, log 4500 = 3.6532. Bayan ɗigo bai sauya ba, domin ninkawa da 10 ƙara 1 ne kawai a log. Idan lamba ta gaza 1, kamar 0.045, ana rubuta 2 da sanda a kansa sannan .6532, a karanta "ba tu". Ma'anarsa −2 + 0.6532, wato −1.3468, abin da kalkuleta za ta nuna maka ke nan. Sandar a kan 2 kaɗai take, ba ta shafi abin da ke bayan ɗigo ba. Idan za ka yi amfani da irin wannan log ɗin a ikweshin, musamman wajen rabawa, mayar da shi −1.3468 tukuna.

Na ƙarshe, ka gwada kafin ka karanta amsar

log (x − 5) = log (1 − x)

Log ɗaya a hagu, ɗaya a dama, tushe ɗaya. x − 5 = 1 − x, 2x = 6, x = 3. Aiki ya yi kyau, lamba ta fito cif. Mayar da ita: 3 − 5 = −2, 1 − 3 = −2. Gefe biyun sun yi daidai da juna, amma dukansu log ɗin −2 suke nema. Da ka fara da rubuta sharaɗi, da ka gani tun farko: na hagu na son x ya fi 5, na dama na son x ya gaza 1, kuma babu lambar da za ta yi duka biyun. Abin da za ka rubuta a takardar amsa shi ne x = 3 bai cika sharaɗi ba, don haka ikweshin ɗin ba shi da amsa.